Alhaji Gwiwa-waje da Filin Al'umma

Duk wanda ya ce ƙasar Birnin Kudu ba ta haifi gwarzo ba, to bai taɓa zama a teburin mai shayin bakin tasha da hantsi ba. Nan Alhaji Sabo, tsohon zakaran ƙwallon tanis, yake buɗe fadarsa kullum, da farar riga, da farin gajeren wando, ga raket a hammata, wato abin bugun nan mai kama da rariyar da aka yi wa mariƙi. Shi da bakinsa Dodon Raga yake kiran kansa. Mutanen gari kuwa, da yake ba su waye ba, ba su ga komai a jikin wannan babban mutum ba sai gwiwoyin dattijo a fili, suka sa masa Alhaji Gwiwa-waje. Malamai sun yi wa'azin suturta jiki har muryarsu ta dushe, ya ce su ba su je Ingila ba.

Kada a ci haƙƙinsa, ya buga tanis, kuma da ita ya ci abinci. Tun kafin a sauke tutar Turawa wani kamfanin sayen gyaɗa a Kano ya ɗauke shi aiki, aikin kuwa shi ne ya riƙa karawa da manajoji da yamma a kulob, wato gidan wasan Turawa. Hannu gare shi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Amma baiwar da ta riƙe masa albashi daban ce. Sabo ya san lokacin da ake faɗuwa. Sai ya gasa wa manaja aya a hannu har fuskarsa ta yi jajir, sannan a bugun ƙarshe ƙafarsa ta zame, ya sara ya ce, "Ranka ya daɗe, ka fi ƙarfina." Da Turawa suka tafi, manyan ma'aikata suka gaji kulob, suka gaji Sabo har da zamewar ƙafarsa. Sau ɗaya tak aka kai shi gasa a Ingila, aka koro shi ranar farko. Wannan tafiyar ita ce jarinsa.

"Ku da ba ku taɓa ƙetare gadar Wudil ba, me kuka sani?" in ji shi, yana kaɗa shayi da alfahari. "Baturen da na kara da shi a Landan har ya fara kiran uwarsa, sai aka kece da ruwa. Ruwa ne ya cece shi! Har gobe in aka ambaci Sabo a Landan, sai ka ga Bature ya ɗaga kai yana neman hadari."

Masu sauraro su ce, "Ikon Allah!" Dama inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Gaskiyar da ba a faɗa a teburin shayi ita ce, gwiwa ta gaji, kulob ya sallame shi da agogon bango da tafi, kuma ban da tanis Sabo ko ƙulla dami bai iya ba. Sai ga kuɗin man fetur sun malalo, aka kafa sababbin ƙananan hukumomi, aka ce akwai kujerar sakataren wasanni, da mota, da ofis mai fanka. Sabo ya ƙwallafa rai a kanta, don in ta kuɓuce masa, daga shi sai agogon bango. Ya yanke shawarar gina filin tanis na farko a duk yankin, a garinsu Zandam ta ƙasar Gwaram, cikin gonar da ya gada, ya gayyato babban baƙo daga Kano ya gani da idonsa.

Siminti ya yi tsadar tsiya a shekarar, shi kuma Dodon Raga hannun jariri gare shi, ba ya buɗewa da daɗi. Sai ya tuna da Hajjo, tsohuwar da ke jagorantar matan gari wajen daɓen ɗakin amare. Maimakon ya yi jinga da su, ya kira gayya. Ranar da aka taru ya hau kan turmi ya yi jawabi.

"Jama'ar Zandam! Wannan fili ba nawa ba ne, na al'umma ne! Mace da namiji, yaro da babba, kowa ya zo ya ci moriyarsa har jikoki!"

Hajjo ta gyara lulluɓi ta ce, "Alhaji, na kowa da kowa ka ce?"

"Na kowa da kowa, Inna. Dodon Raga ba ya magana biyu."

Mata suka rangaɗa guɗa. Aka zuba marmara, aka yayyafa ruwan makuba, madaɓai suka yi ta sauka ana waƙa, har fili ya fito sumul kamar tafin hannu. Sabo ya ja layuka da farar ƙasa, ya kafa raga a tsakiya, ya koma Birnin Kudu yana haddar jawabin da zai yi wa baƙo. Bai lura kaka ta ƙarato ba. Ina ruwan zakaran Landan da kaka?

A Zandam kuwa, abin da gayya ta yi na gayya ne, balle mai gona ya faɗa da bakinsa a kan turmi. Hajjo ce ta fara shanya barkono a kusurwa. Maƙwabciyarta ta kawo kuɓewa. Da aka ga ƙasar ba ta haɗa hatsi da tsakuwa, sai turame suka yi ƙaura gaba ɗaya, sussukar gari ta koma can. Manu mai jaki ya kwance ragar ya ɗaure harawa da ita, ya ce shi ma ai al'umma ne.

Ranar buɗe fili, kwamishinan da aka gayyata ya sami uzuri, ya turo wani babban jami'in gona da hanya ta biyo da shi. Shekarar ce gwamnati ta tashi da gangamin kowa ya koma gona. Sabo ya kame a gaban motar baƙo tun daga Birnin Kudu, wando ya sha guga, yana ba da labarin Baturen da ruwa ya ceta, baƙo yana gyangyaɗi.

Da mota ta tsaya, gabansa ya faɗi. Babu raga. Taɓare suna tashi suna sauka, ƙaiƙayi ya turnuƙe, ja da kore sun rufe filin daga gefe zuwa gefe, akuya tana lasar farar ƙasa. Ransa ya ɓaci, idonsa ya kawo ruwa, ya ɗaga raket zai daka wa Hajjo tsawa.

Baƙo ya riga shi buɗe baki. "Masha Allah! Masussuka ta zamani! Hatsi tsaf babu ƙasa, ga layuka, kowace mace da gurbinta. Irin mutanen da gwamnati take nema ke nan. Alhaji, wannan dabarar ita ka je ka gano a Ingila?"

Kalma ɗaya ta isa ta gyara zancen. Sabo ya dubi hular baƙon, ya dubi motar gwamnati, ya dubi Hajjo da ta dogare da taɓarya tana jiran ta ji ko Dodon Raga zai yi magana biyu. Sabon hali ba ya kankare tsoho. Ƙafarsa ta zame, ya sara.

"Ranka ya daɗe, ka fi ƙarfina. Ita na je koyowa."

Kujerar wasanni aka ba wa ƙanen wani babba, mutumin da ko kaza bai taɓa kora da gudu ba. Shi kuwa Sabo, saboda rahoton yabon da baƙo ya kai, aka naɗa shi mai duba masussukai na ƙasar Gwaram, da keke a madadin mota, da inuwar kuka a madadin fanka. Ƙauye-ƙauye yake bi yana koya wa tsofaffin mata aikin da suka gada tun kakanninsu, su kuma suna ce masa sannu da ƙoƙari. Abin da wa'azin malaman Birnin Kudu ya kasa shekara da shekaru, ƙaiƙayin gero ya yi shi cikin kaka ɗaya: Alhaji Gwiwa-waje ya ɗinka dogon wando.