Tarkacen Wancan

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a da na yi a Ƙofar 'Yandaka ba, kuma da ana sayar da mantuwa a kasuwa, da tuni na saya. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, ofisoshi sun fara cika da kwamfuta, kowane ɗan siyasa yana neman mai buga masa fosta. Ni kuwa na yi kwas ɗin wata uku, na dawo unguwa ana ce mini Injiniya (ban taɓa hana kowa ba, don sunan ya yi mini daɗi a kunne). Ina yawo da jakar faifai a kafaɗa kamar wanzami da zabirarsa.

Hadiza ce ta aiko a kira ni. Ƙanwar marigayi Malam Kabiru ce, wani malamin makaranta da ya rasu a haɗarin mota shekara guda kafin nan, har na je ta'aziyya. Shi ne ɗan farin mahaifiyarsu, Hajiya. Kwamfutarsa ce ta koma hannun Hadiza tana buga aikin makaranta, sai na'urar ta fara kukan babu wuri.

Da na duba, matsalar ba mai wuya ba ce. Rumbun ajiyar an raba shi ɗaki biyu, C da D, da katanga a tsakani, abin da muke kira fatishan. C ya cika maƙil, D kuwa fili ne fetal, sai 'yan kaya kaɗan a lungu. Aikin kawai a matsar da katanga, a rage wa D a ƙara wa C. Na yi wa Hadiza wannan bayani har da zane a bayan ambulan, ta tafi makaranta hankalinta kwance, ta bar ni da injin a ɗakin marigayin.

Malaminmu na kwas ya koya mana tsarin, kuma ya nanata. Da farko ka kwafe komai a faifai, sannan ka tattara kayan waje guda, sannan ka matsa katangar a hankali, kana addu'ar kada a ɗauke wuta. Aikin sa'o'i ne. Akwai kuma hanyar rago: ka rushe D gaba ɗaya, ka buɗe wa C fili. Ni ranar ba ni da faifai ko ɗaya da babu komai a kansa, duk na cika su da waƙoƙin siyasa, ga lokacin Juma'a yana matsowa. In koma in ce ban zo da shiri ba? Injiniya guda? Girman kai ya hana.

Sai na leƙa tsakar gida. Hajiya na zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa. Na durƙusa muka sake gaisawa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce akwai wasu kaya a ɗaya ɓangaren, ko akwai na amfani a ciki? Ba ta ɗago kai ba.

"Tarkacen wancan ne," in ji ta. "Ba wani abu ba ne."

A nan ne ya kamata in tsaya. A Katsina aka haife ni, na san uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da abinsa a gaban mutane. Alkunya ce, kowa ya sani. Amma kunnena abin da yake so ya ji shi ya ji. Ko buɗe kayan ban yi ba in ga mene ne. Da na buɗe, da na tarar da muryar Malam Kabiru yana karanta Suratul Kahfi, wadda ya ɗauka da kansa, kuma babu ita a kaset, babu ita a ko'ina a duniya sai a wannan lungu.

Na'urar ma ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna eh. Cikin ɗan lokaci D ya ɓace, C ya yi faɗi. Don in nuna ni ba marowaci ba ne, na juye musu waƙoƙin siyasar nan gaba ɗaya a sabon filin, a matsayin gyara. Na tafi masallaci ina jin kaina.

Bayan la'asar na koma karɓar yabo. Aka kawo mini shinkafa da wake da man ƙuli, Hadiza tana ta godiya ganin injin yana gudu. Muna cikin haka sai Hajiya ta shigo da darduma da carbi, ta zauna a bakin ƙofa ta juya wa kwamfutar gefe, kamar ba don ita ta zo ba. Hadiza ta raɗa mini cewa haka take yi duk Juma'a, ba ta cewa a kunna, sai dai ta zo ta zauna. Hadiza ta kama linzamin kwamfutar tana neman D. Ta nema, ta sake nema. Garin nema ta taɓa wani abu, sai ga kalangu ya cika ɗakin marigayi, maroƙi yana wasa wani ɗan takara.

Na ture kwanon abincin gefe. Da Hadiza ta kashe, ta juyo ta tambaye ni ina karatun Yaya. Na fara Turanci, na kasa ƙarasawa, na faɗi gaskiya da Hausa. Hadiza ta fashe da kuka. Na so a zage ni, wallahi na so, ko a kore ni da muciya. Hajiya ta daɗe tana jan carbi, sannan ta naɗe dardumarta.

"Ba komai, ɗan nan. Wanda Ya ba mu Shi Ya karɓa." Ta dubi Hadiza. "Ki juye mashi sauran abincin ya tafi da shi, bai ci ba."

Wannan karon na fahimci "ba komai" ɗin, sai dai a makare.

Washegari na ɗaura injin a bayan babur na kai wa Malam Sani, wani dattijo mai kula da kwamfutocin wani ofis a GRA, wanda muke yi wa dariya saboda nawarsa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaya ko na kwafe kafin in taɓa katanga. Na ce ban kwafe ba. Ya ce da rushewar kawai na yi, da kayan suna nan a ƙasa, ana iya tono su. Waƙoƙin da na zuba ne suka hau kansu. Ashe gyaran nawa ne ya binne karatun.

Kwana uku yana tono. Surar ba ta dawo ba. Abin da ya samu ɗan guntu ne na farkon ɗaukar, kafin a fara karatu.

Juma'ar da ta biyo na mayar da injin. Hajiya ta zo da dardumarta ta zauna a inda ta saba. Hadiza ta kunna. Aka ji gyaran murya, da ƙarar turmi daga nesa, sai muryarsa: "Inna, don Allah a dakata da dakan nan, zan ɗauki karatu." Shi ke nan, sai shiru.

"To, an dakata," in ji Hajiya a hankali. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce wa Hadiza ta sake kunnawa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini kamar ranar ba.

Tun daga nan ban sake matsar da katangar kowa ba sai na kwafe komai sau biyu, ko da mai shi ya rantse shara ce, kuma na roƙi 'yan unguwa su koma kirana da sunana. Da yammar Juma'ar da na mayar da injin, da na isa gida, ina cire takalmi a zaure na ji mahaifiyata tana tambayar ƙanwata, da muryar wadda ba ta damu ba, ko wancan ya dawo, abincinsa yana hucewa. Ni ma ɗan fari ne. Shekara ashirin da biyar ana fassara mini kalmar a gida, sai da na je gidan mutane na yi ɓarna sannan na haddace.