Ragon Goggo Hadiza

A shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, lokacin da aka zabtare mana albashi, matata ta haifi mace. Ko kaza ba zan iya saya ba, sai Goggo Hadiza, ƙanwar babana, ta je kasuwar dabbobi ta Etoudi da kanta ta sayo ragon suna. Duk unguwarmu Briqueterie an san takwara take jira.

Ni kuwa na riga na hango wani suna a jikin kwalbar turare a kasuwar Mokolo: Zabarjada. Har na zauna ina gwada rubuta shi iri-iri saboda takardar haihuwa, ina jin ba wayayye kamata.

Ranar suna na raɗa wa liman. Ya dube ni ya ce, "Malam, na mutane ne?" Na ce ƙwarai kuwa. Maroƙi na shelantawa, Goggo ta fito. Ta kwance ragonta ta ja shi ta tsakiyar jama'a, ta bar mahauci tsaye da wuƙa.

Har ta rasu ba ta taɓa furta sunan nan ba. Yarinyar kuwa kowa Goggo yake kiranta, har uwarta. Ni kuma har yau in na doshi gidan suna sai a ce, "Ku ɗaure rago tamau, ga Baban Turare nan."