Kukan Teku a Rijiyar Inna Hajjo

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Kebbe ba, ranar da na kusa sa aka binne rijiyar Inna Hajjo, tsohuwar da ta ba ni ɗaki lokacin da aka turo ni koyarwa daga Tambuwal. Marigayi mijinta ne ya haƙa rijiyar, kuma rabin unguwa a nan ke ɗibar ruwa.

Darasin da nake shiryawa a kan wel ne, ƙaton kifin tekun nan da aka yi ta farauta har ya kusa ƙarewa, sai ƙasashe suka taru suka ce a dakata, wasu kuma suka yi kunnen ƙashi. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, na ɗauki abin da zafi. Na sauke kukan kifin a waya, na aro 'yar sifika mai kama waya daga nesa, na sa ta cikin wata tsohuwar randa a gindin rijiya don in ji ko sautin zai yi kauri. Kafin in gwada na ga na makara, na bar ta a kunne na fice.

Da azahar na dawo, gari tsit, ko kaza ba ta motsi. Ina sa ƙafa a tsakar gida sai wani dogon nishi ya taso daga wajen rijiya, kamar saniya na kuka a ƙarƙashin ƙasa. Ya yi ƙasa, ya yi sama, ya koma kamar mace na kiran wani daga nesa. Ni, malamin kimiyya (mai ce wa ɗalibai su daina tsoron banza), na riga Inna fita, takalmi ɗaya a ƙafa.

Kafin la'asar ƙofar gida ta cika, har da Liman. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, duk wanda ya shiga gidan ba ya jin komai, amma ni ina matsawa sai kukan ya dawo. Sau uku aka gwada. Liman ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, abin ga kai shika kira."

Na soma tuno zunubaina ɗaya bayan ɗaya. Dattawa suka yanke a cike rijiyar da ƙasa, aka aika a kawo shebur. Inna ta zauna riƙe da guganta tana share hawaye. Na zaro waya in kira mahaifiyata ta yi mini addu'a, sai ga hoton kifin yana kallona, kukan na tafiya. Ashe duk sanda na matso, wayar da ke aljihuna ce ke kama sifikar.

Wallahi na so in yi shiru, don kunya ta fi tsoron ciwo. Amma shebur ya iso. Na shiga gaban kowa, na zura hannu a randa, na ɗago sifikar tana nishi.

Ba wanda ya yi dariya, da an yi ma da ya fi mini sauƙi. Na yi ta in-ina a kan farauta da taron ƙasashe, har Inna ta tambaye ni me kifin ke cewa. Na ce wai 'yan uwansa yake kira. Ta ce, "Allah sarki, ashe makoki shikai. Amma ɗan nan, ka maishe shi garinsu."

Rijiya tana nan, sai dai har na bar Kebbe mata ba su ɗibar ruwa in ina tsakar gida. Tun daga ranar, in na ji abin tsoro, aljihuna nake fara lalubawa kafin in tara jama'a.