Yadda Ake Shirya Babban Babur Don Zuwa Gaida Yaya

Kai da ka sayi sabon babur irin na keta daji da hawa duwatsu, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda suke, babu makawa sai ka isa inda za ka. Daga maƙwabcina na koyo su, wani likitan haƙori da muke kira Dokta, kuma yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi, ta saman katanga. Sauran shi ya ba ni labari da bakinsa.

Mataki na 1: Samo dalili mai ƙarfi

Ba a sayen irin wannan babur don zuwa cefane. Sai an ɓata maka rai. Shi Dokta, yayansa ne ya ɓata masa. Shekarun baya, a wani taron dangi ana hirar tafiye-tafiye, ya tsoma baki, sai Babban Yaya ya dube shi a gaban 'ya'yansa ya ce, "Kai yi mana shiru. Mutumin da in mota ta yi hon a bayan gari sai ya dafe ƙirji?"

Aka fashe da dariya, har da autar Dokta. Dokta ya miƙe ya sa takalmi ya ce, "Yaya, ba za ka sake ganina ba sai a kan babur, ni kaɗai, har ƙofar gida." Garin da Yaya yake kuwa nisa gare shi ba na wasa ba. Tun daga ranar babu waya, babu gaisuwa.

In naka dalilin bai kai wannan ba, dakata, ka nemo wanda zai ci maka fuska tukuna.

Mataki na 2: Zaɓi wanda ya fi ka tsawo

Hau ka gwada. In tafin ƙafarka ya taɓa ƙasa, sauka, ba naka ba ne. Na Dokta babban yatsansa kaɗai ke shafar ƙasa, shi ma sai ya karkace. Mai shagon ya ce, "Ranka ya daɗe, kamar don kai aka ƙera shi."

Kada ka tuƙo shi gida, mutane za su ga kamar kana ɗoki. A bayan mota aka kawo na Dokta, ƙarti suka turo shi tsakar gida, madubi na gogar bangon ƙofa hagu da dama. Matarsa ta fito da kwandon wanki ta tsaya.

"Baban yara, wannan saniyar fa?"

"Babur ne."

"To a ina zan yi shanya?"

Mataki na 3: Sanar da duniya

Tafiyar da ba a ji labarinta ba, yawo ce kawai. Dokta ya fi kowa sa'a a nan, don masu sauraronsa a kwance suke, baki buɗe, cike da auduga. Yakan lissafa musu gadoji da kwazazzaban da zai ratsa, su kuwa sai "aaa". Bai taɓa samun wanda ya musa masa ba.

Mataki na 4: Lallaɓa injin

Masana sun ce sabon inji ba ya son gudu da farko, a bi shi sannu. Dokta ya kai wannan shawara ƙarshenta: bai motsa shi ba ko taku ɗaya. Kullum da safe zai tayar da shi, ya murɗa har kajina su watse, ya kashe, ya gyaɗa kai.

Kai ma duba baƙin mai, ka taɓa birki, ka shuri taya. Ba sai ka san abin da kake nema ba, gyaɗa kan shi ne aikin. Sarƙa kuwa, da buroshin goge baki Dokta ke wanke tasa, haƙori bayan haƙori, sannan ya zura ɗan madubinsa na asibiti yana leƙen ko akwai kogo.

Mataki na 5: Ɗora kaya

Akwatin ƙarfe a dama, akwatin ƙarfe a hagu, wani a sama. Ƙarafan kariya a gefen tanki. Fitilu har sai maƙwabta sun ɗauka gari ya waye. Tanti, risho, jarkar ruwa, jarkar mai, famfo, kayan faci, sifanu, igiya, gatari. In matarka ta nemi ƙaramar tukunyarta ta rasa, ka ce ba ka gani ba.

Ka tuna, duk abin da ka bari a gida, shi za ka buƙata. Saboda haka kada ka bar komai a gida.

Mataki na 6: Koyi faɗuwa a cikin gida

Sa hular kwano, da rigar sulke, da takalmi har gwiwa, da safar hannu, ka hau a tsaye. Ranar da Dokta ya fara ture jak ɗin da ke tokare da shi, babur ya yi tunani kaɗan, ya kwanta da shi a kan bokitin wanki. Sai da ni da matarsa da wani mai gyaran famfo muka taru kafin muka zaro shi.

"Gwaji nake," in ji shi daga cikin hula.

"Allah ya ba da sa'a," in ji matarsa. "Bokitin dai sabo ne."

Mataki na 7: Ɗaga ranar tafiya

Wannan shi ne zuciyar shirin. Duk lokacin da rana ta matso, gano abin da ya rage. Yau taya ba irin ta duwatsu ba ce, gobe kujera na da tauri, jibi an ce za a yi ruwa.

Da yamma, in ya dawo aiki, Dokta kan hau shi a kafe ya riƙe kan babur ɗin, ya zuba wa ƙofa ido. Ya san maganar Yaya gaskiya ce, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ya kuma san yana kewar mutumin, da tsawarsa da komai. Sai ya sauka ya je ya yi odar wata fitilar.

Mataki na 8: Tashi

Wata safiya ƙanwarsu ta kira. "Yaya Dokta, an kwantar da Babban Yaya. An yi masa aiki a ciki. Tunda ya farfaɗo yake cewa ina yaron nan."

Dokta ya ajiye waya. Ya shiga ɗaki ya fito cikin sulke. Kafin ya hau, rabin layi ya taru, ana ta Allah ya kiyaye hanya. Ya tayar, ya sa giya, ya saki kuloci gaba ɗaya, ido a rufe. Babur ya zabura kamar an tsikare shi, tayar gaba ta leƙa titi, sai ƙarrr! Akwatunan nan biyu suka cije bangon ƙofa. Ba gaba, ba baya. Aka ja, aka tura, aka girgiza, sai siminti ke zuba. Makullan akwatunan kuwa ta gefe suke, bango ya danne su.

Ya zauna a kai, zufa na ɗiga ta ƙasan hula. Matarsa ta matso ta bayansa, ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji, sai ni da ke kan katanga.

"Baban yara, shi yayan naka, babur ya tambaya ko kai?"

Can ya taka tanki, ya haura ta kan fitilu, ya diro titi, ya miƙe sai tashar mota. A haka ya tafi, da sulke da komai, a matse a kujerar baya tsakanin wata tsohuwa da buhun albasa, hular kwano a cinya.

Mataki na 9: Isa

Ya sa hular kafin ya shiga ɗakin majinyata, don kada a ga idonsa. Yaya na kwance, ya rame, ana ƙara masa ruwa. Ya dubi wannan halitta tun daga takalmi har kai.

"Malam, in yaƙi ka zo yi, ka makara, likitoci sun riga ka."

Dokta ya cire hular. Yaya ya gane shi.

"Ina babur ɗin?"

"Yana ƙofar gida."

"Gidana?"

"Gidana, Yaya. Ya maƙale."

Yaya ya fara dariya yana riƙe ɗinki, yana "wayyo", yana ƙarawa, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo tana faɗa. Da ya lafa, ya share ido ya nuna kujerar da ke gefen gado.

"Zauna. Haƙorin nan na ƙasa ya yi shekaru yana hana ni sakat. Na ƙi bari kowa ya taɓa."

Dokta ya zare safar hannu ya ajiye a kan hula. "Buɗe baki, Yaya."

Gargaɗi

Na ce za ka isa, ban ce da babur ba. Babu ruwana da ƙofarka, ko bokitin matarka, ko abin da magini zai ce in ya ga bangon. Wanda ya bi matakan nan ya bi don kansa. Kuma in iyalinka za su riƙa fita ta tsani suna dirowa gidan maƙwabci har ka dawo, a gaya musu su daina taka masa tumatir.