Zinariyar da na nema a tukunyar Inna

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tashi burge surukina ba. Maƙerin azurfa ne a tsohon garin Agadas, ni kuwa malamin shimi ne, wato ilimin sinadarai, a lise, babbar makarantar sakandare. Tun da na auri 'yarsa Fati bai taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba, amma in ana zancen sana'a sai ya dubi hannuwana masu taushi ya yi shiru. Shirun nan ya daɗe yana cina.

Lokacin kowa zancen zinariyar da ake haƙa a Jado yake. Wata rana muna shan shayi a maƙerarsa na buɗe baki na ce mutane wahalar banza suke sha cikin hamada, alhali akwai zinariya a cikin matattun telefon da ake zubarwa a bola. (Gaskiya ne akwai, amma ban faɗi ƙanƙantarta ba.) Baba, surukin nawa, ya ce yana son ya gani da idonsa.

Mako biyu ina yawo unguwa-unguwa da buhu, da kwat ɗina, ina roƙon matattun telefon da tsofaffin rediyo. Na ɓalle allunan cikinsu, na samo asid. Da ranar ta zo sai na ga kwalaben labo, ɗakin gwajin makarantarmu, sun yi wa darajata kaɗan. Na sa Fati ta aro mini babbar tukunyar Inna, uwarta, wadda duk unguwa ke ara in ana biki. Ta tambaye ni ko ba komai, na ce mata ta bar wa masu ilimi aikinsu.

Bayan la'asar Baba ya zo da abokansa maƙera biyu, suka zauna kan tabarma. Na yi musu bayani mai tsawo, rabi da Faransanci, sannan na zuba allunan a tukunya, na tuttula asid. Tukunyar alminiyom ce. Duk shekara ina rubuta wa ɗalibai a allo cewa wannan asid yana cin alminiyom, har sifiri nake ba wanda ya manta.

Tukunyar ta hau tafasa ba wuta, tana kumfa, wani wari ya turnuƙe gidan. Dattawa suka miƙe suna rufe hanci da rawani, awaki suka yi waje. Ni kuma ina tari ina cewa haka ake so. Can sai gindin ya huje, baƙin ruwa ya malala cikin rairayi. Sai da muka kwashe ƙasar wurin da shebur, zinariya kuwa ko ƙyallinta ba mu gani ba.

Baba ya leƙa ramin tukunyar, ya kira ni yadda ake kiran malaman boko, ya ce a hankali, "Mushe, mu da ba mu yi karatun lakwal ba, a kwanon tangaran muke zuba irin ruwan nan in za mu wanke azurfa."

Na ce, "Haka ne, Baba." Ji na yi kamar in shige buhun telefon ɗin.

Na saya wa Inna sabuwa, har yau tana cewa shinkafarta ba ta daɗin ta da. Na koyi in riƙa tambayar mai sana'a kafin in buɗe baki. Baba kuwa ya daina shiru a kaina. Duk baƙon da ya zo maƙera sai ya nuna ni da fara'a ya ce, "Ga surukina, shi ne mai narka tukunya ba gawayi."