Rasuwar Kwamfutar Malam Kuo a Watan Matattu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda dama ba baƙo ba ne a cikinta, Malam Kuo Wen-hsiung, tsohon malamin tarihi, mazaunin hawa na huɗu a bayan kasuwar kifi ta birnin Keelung, yake sanar da rasuwar kwamfutarsa ta cinya. Ta cika ranar Litinin da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya, bayan jinyar kwana shida da mai ita ya jawo mata da ɗan yatsansa.

Marigayiyar ba ta da kyau, ba ta da sauri. Idan aka kunna ta sai ta yi "fuuu", kamar tsohuwar da ta hau bene. Amma ba ta taɓa ba shi shawara ba, shaidar da ba zai iya yi wa danginsa ba. Kowace safiya, kafin shayi ya huce, takan leƙa cikin sabar gidan, wani ƙaramin baƙin akwatin adana bayanai da ke ƙarƙashin teburin girmama kakanni, ta ɗauko masa muryar matarsa, marigayiya Hsiao Li-chu. Shekara talatin Li-chu ta yi tana kula da irin waɗannan akwatuna a tashar jiragen ruwa. Da ciwo ya kwantar da ita, ta naɗi muryarta sau ɗari biyu da ɗoriya, ta zuba a ciki, ta kulle, ta ajiye mabuɗin a kwamfutar nan kaɗai. "Nan kawai za ka danna, shehin malami," ta ce masa. "Kada ka taɓa komai. Na san halinka."

Ciwon ajali ya shigo ta bakin surukinsa, wanda ya ce tsarin kwamfutar ya tsufa: "Baba, a sabunta shi mana, minti ashirin ne." Maƙwabciyarsa Madam Yeh, mai sayar da turare da kayan takarda da ake ƙona wa mamata, ta tare shi a matakala: "Haba Malam, a watan bakwai? Ƙofar matattu a buɗe? Ko haƙori ba a cirewa!" Malam Kuo, da ya karanta littattafai masu yawa a kan camfi, ya yi mata murmushin masu ilimi, ya hau sama ya danna.

Da kwamfutar ta farfaɗo, ta kurmance. Direban, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da intanet ba tare da waya ba, ya ƙi jituwa da sabon tsarin, wani kuma ba ya samuwa sai ta intanet ɗin da ba ta ji. Ya aro igiyar intanet ya sauke direba uku. Na ukun ya kama, sai sabar ta ce ba ta san ta ba. Ya canza adireshi, ya kutsa cikin saitunan da aka hana shi taɓawa. Rana ta biyar ya bi shawarar wani da bai ko san sunansa ba a dandalin masana, ya goge komai don a faro daga farko. Mabuɗin ya bi komai. Washegari ta yi "tit, tit, tit", fuskarta ta yi baƙi.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da suruki wanda ya daina ɗaga waya, da sabar, wadda koren idonta ke ƙiftawa har yanzu. Mai gyara ya ce muddin tana kunne akwai sauran fata, amma aikin ceto muryar zai ci mako biyu. Idan kuwa wuta ta ɗauke ko na daƙiƙa ɗaya, za ta nemi kalmar sirri, wadda Li-chu ce kaɗai ta san ta. Rediyo ya ce guguwar teku za ta sauka ranar Alhamis. Unguwar nan ba ta taɓa ƙetare guguwa da wutarta ba.

Za a yi jana'iza ranar Laraba da ƙarfe goma, a bakin murhun ƙona takardu na haikalin unguwa. Za a aika wa Li-chu, ta cikin wutar, kwamfutar takarda daga shagon Madam Yeh. A jikin allonta Malam Kuo ya rubuta tambaya ɗaya da hannunsa.

Ba a buƙatar furanni. Ba a buƙatar surukai. Duk wanda ya yi mafarkin Li-chu kafin Alhamis, ko da zagin mijinta take yi, ya hau hawa na huɗu ya maimaita masa abin da ta faɗa, harafi bayan harafi.