Wule da Gidaɗon Jabu

"...Lahiya lau, sai godiya. Ina gajiyar jiya? Tsaya, tsaya. Wane ne wanga ke gaishe ni da muryar Aziza, ga kuma inuwar malfata bisa kanshi?"

"Gidaɗo ne," in ji Aziza, ta kumbura murya ta yi tari sau biyu. "Kai wane ne zaune bisa tabarmata da sassahe?"

Tsoho Gidaɗo ya ɗaga kai yana ƙifta ido. Yanar ido ta riga ta cinye masa gani, jikarsa Aziza ma sai dai ya gane ta da tafiya. Sau biyu ɗansa Lamine yana samo masa ranar aikin ido a Maradi, sau biyu tsohon nan yana zamewa, kuma hujjarsa ba ta canzawa: Wule. Garke ya yi arewa da damina, saniya ɗaya aka bari a rugarsu ta gabashin Issawane, ita ce furar gidan, ita ce man miyarsa. Ga ta da taurin kai irin na mai ita, ba ta sakin nono ga kowa sai shi. Gobe ce rana ta uku, likita kuma ya ce in aka ƙara jinkiri ba ya ɗaukar alkawarin komai. Abin ya tsaya wa Aziza a rai ƙwarai. Shi ya sa ta kwana bakwai tana laɓewa bayan kalgo tana kallon yadda yake tatsa, don ba ya yarda kowa ya matso kusa.

"Ɓarauniya," in ji shi. "Har da rigata?"

"Aro na yi. Ba don Wule ba, ko kyauta ba ni sa ta. Tun zamanin da ake hawan raƙumi zuwa Makka ba ta ga sabulu ba."

"Warin nan da kike rainawa shi ne takardar shaidata wajen shanu. To, mi kika kwaso kuma?"

"Komi. Tarinka, ɗingishinka, yadda kake jingina sanda ga turke, yadda kake tohi gehen hagu. Har tsakin da kake ma maraƙa."

"Ni ba ni ɗingishi."

"Ashe ƙasa ce ke lotsawa gehe guda in ta gan ka."

Gidaɗo ya murmusa cikin gemu. "Ku da kuka zauna lakwal kuka yi boko, mi kuke ce ma wanga aiki?"

"Kopiye. Ka leƙa takardar na kusa da kai ka juye abin da ya rubuta."

"In mushe, malamin naku, ya kama ka hwa?"

"Ya zuba maka ƙwai da jan biro."

"To Wule mushe ce, sai dai ita da ƙahwa take rubutu. Tahi ki gani."

Aziza ta ɗauki ƙwarya ta nufi turke, tana jan ƙafa yadda ta gani. Ta jingina sanda, ta yi tari, ta saki maraƙa ta ɗan tsotsa, ta janye ta, ta ɗaure wa uwar ƙafafun baya. Sannan ta durƙusa ta kira da murya mai kauri, "Wule! Hoo, Wule!" Saniya ta waiwayo ta shinshina rigar, ta shinshina malfar, ta dube ta irin duban da ake wa baƙon da ya zo daidai lokacin tuwo. Aziza ta kama hantsa ta ja, ta ja, ko ɗigo. Wule ta ɗauke nono tsaf, ta ƙara mata da bulalar wutsiya a kunne.

"Na ji ƙara," in ji tsoho daga tabarma. "Nono ne ko mari?"

"Gaisuwa ce."

"Kin gani? Kira Lamine ki ce mashi ya huta da man babur ɗinshi. Ba ni barin ta hantsa ta kumbura, gida ya kwana da hura gaya."

Aziza ta dawo ta tsuguna gabansa, ranta a ɓace amma bakinta bai mutu ba. "Ni abin ya ɗaure mani kai. A meri, ohishin magajin gari, akwai na'urar hotokopi, ka sa takarda guda biyu su hito, ba ka gane uwa ba ka gane ɗiya. Ni ma haka na yi maka. Ina na kuskure?"

"Na ga na'urar taku sa'ad da nake da ido. Ta biyun kullum ta hi baƙi, kamar ke."

"Baƙin nan gado ne, kada ka manta gidan da na ɗauko shi."

"Kwaikwayo kika yi, yarinya. Ɗan'uwanki ma in ya ci ya ƙoshi yana kwaikwayon liman, amma ba a bin shi salla."

"To koya mani in bar kwaikwayo."

"Babu abin koyo. Baiwa ce."

"Ƙarya kake, angona. Akwai abu guda da ban samu ba. In ka durƙusa, kana kihwa goshi ga cikinta, gemunka na motsi kamar na bunsuru mai tuƙa. Mi kake hwaɗa mata?"

Tsoho ya gyara zama, ya lalubi butarsa ba don yana bukatarta ba. "Addu'a ce."

"Wace?"

"Ta manya."

"Ta manya ce ake kore mutane har bayan kalgo kahin a yi ta? Ko dai tsegumin mutanen ruga kake kai mata?"

"Aziza, ki hita idona."

"Ina wurin yake? Yana ta riga ni shiga." Ta faɗa da wasa, amma muryarta ta karye a ƙarshe, ta kasa ɓoyewa. "Kaka, in ba ka tahi gobe ba, shi ke nan. Ni zan riƙa ja maka sanda, kuma wallahi duk ƙayar da ke tsakanin nan da Mayahi sai na bi da kai ta kanta."

Gidaɗo ya ajiye butar. Can ya miƙa hannu. "Tashe ni. Amma ki rantse ba ki hwaɗa ma kowa."

"Na rantse da gemunka."

"Ki rantse da abin da ke da daraja wajenki."

Ta kama shi suka isa turke. Ya lalubi gadon bayan Wule, ya durƙusa da ƙyar, ya kifa goshi a cikinta. Sai ga wata 'yar siririyar murya ta fito daga cikin farin gemun nan, ta mace sak, tana rawa tana lanƙwasa, tana yi wa saniya kirari da Fillanci, tana ce mata 'yar gata, mai farar fuska, uwar marayu. Aziza ta toshe baki da hannu biyu, dariya na neman kashe ta. Mutumin da ko a kasuwar shanu in ya yi gyaran murya dillalai ke nutsuwa, shi ne yake kuka kamar amarya!

Ba ta kai ƙarshen dariyar ba ta tsaya cak. Ta san waƙar. Ta kakarta ce, Iya, matar Gidaɗo da ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Tana ƙarama takan riƙe mata maraƙi tana jin ta kowace safiya.

"Waƙar Iya ce," ta ce a hankali.

"Ita ta raini Wule tun tana maraƙa," in ji tsoho, bai ɗago ba. "Da ta rasu, saniyar nan ta kwana biyar ba ta ba kowa ko cokali ba. Sai na gwada. Ke kina can kina kumbura wuya kina son ki zama Gidaɗo, Gidaɗo na nan yana matse nashi yana son ya zama Iya."

"Ashe mai satar amsa na leƙa ma takarda."

"Rufa mani asiri."

Aziza ta tuɓe malfa, ta cire rigar ta rataya a kan turke. Ta janye shi gefe, ta durƙusa, ta kifa goshinta inda nasa ya tashi. Ba ta ƙara wa muryarta komai ba, ba ta rage ba, ta dai yi waƙar yadda ta zo mata. Wule ta kaɗa kunne, ta yi wani dogon numfashi, ta fara tuƙa. Nono ya sauko yana dukan gindin ƙwarya, tsirr, tsirr, har ƙarar ta koma ta kumfa.

Gidaɗo na tsaye ya karkata kai yana saurare. "Munahuka," ya ce wa saniyar. "Ni sai na yi waƙar sau ukku kike saki. Shekara huɗu ina shaƙe kaina saboda ke."

"Tun ranar hwarko ta gane ka, tausayinka kawai take ji."

Tsoho ya fashe da dariya har ya dafa turke, ya sa gefen hannu ya goge ido. "Na sallama. Maraƙar taki ce, ladan riƙe baki."

"Maraƙa na karɓa. Baki kuwa sai na ga ƙeyarka bisa babur ɗin Lamine."

"Haɗa mani kaya, marar kunya." Ya juya zai tafi, ya sake tsayawa, ya fuskanci inda muryarta take. "Tun bara mutane ke ce mani kin girma kin zama Iya sak, har hanci. Ni ban yarda ba, matata kyakkyawa ce. Bari in tahi a wanke idon nan, in dawo in ƙaryata su da kaina."